Hannun Tabita a Kan Bakinta

Iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsare mu har ya nuna mana wannan Lahadi. Sunana Iliya, mai gyaran kekuna a bakin kasuwa, nan Kaura Namoda. A ajinmu na karatun manya na rubuta wannan shaida, don haka ku yi haƙuri da ni, a hankali zan karanta.

A shekarar da aka rufe layukan waya a jiharmu, muna zaune a ƙauyenmu can bayan Sakajiki. Ɗiyarmu Tabita tana koyon tafiya, ta fara cewa Baba, ta fara cewa ruwa. A wannan daminar, da an ji rurin baburan 'yan bindiga da yawa, kowa sai ya faɗa cikin dawa. Akwai kuma abin da kowace uwa da kowane uba suka sani: mai ƙaramin yaro zai toshe masa baki da tafin hannu, domin kukan yaro ɗaya yana iya tona asirin mutanen gari duka. Haka muka riƙa yi wa Tabita, ni da uwarta Saratu, har dawa ta nuna.

Allah ya fid da mu, muka dawo Kaura. Amma muryar yarinya ba ta biyo mu ba. In ta faɗi, sai ta ɗora hannunta a kan bakinta da kanta, hawaye na zuba, ba ka jin komai. In ɗan akuya ya ba ta dariya, haka dai za ta toshe. Maƙwabta suna yabonta, wai ga yarinya mai haƙuri, ta gado ubanta. Wannan yabon yana ƙona mini rai.

Mun kai ta asibiti. Likita ya duba kunne, ya duba maƙogwaro, ya ce lafiyarta lau, tsoro ne ya zauna mata. Ya ce mu kai ta inda yara suke ihu ba wanda yake korarsu.

Da Kirsimeti na shekarar da ta biyo ya matso, ƙanwata Laraba da ke aure a Kano ta ce mu zo hutu, akwai babban wurin wasan yara kusa da su. Saratu ta ƙi. Ta ce ba za ta ɗora ɗiyarta a kan hanyar nan don lilo ba, gara yarinya marar magana da a rasa ta gaba ɗaya. Ban yi musu da ita ba, domin gaskiya ta faɗa. Amma ban bar maganar ba. Kullum bayan addu'ar safe sai in sake tayar da ita, har ran nan ta ce to, in dai motar Malam Lawali ce.

Malam Lawali maƙwabcinmu ne, direba, ba ya tashi sai rana ta ɗaga motoci sun taru. Da muka shiga ya waiwayo ya ce, "Iliya, ku yi taku addu'a in yi tawa. Ɗiyar ga ta mu duka ce." Muka isa lafiya.

'Yan'uwa, ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Ga kiɗa, ga janareta, ga lilo manya da ƙanana, yara kamar an zubo su daga buhu, kowa na ihu. Muna shiga wani balan-balan ya fashe kusa da mu, sai ga ni da Saratu durƙushe a ƙasa. Laraba ta fara dariya, da ta ga fuskokinmu sai ta daina.

Tabita kuwa hannu biyu ta sa a baki. Muka hau ɗan jirgin ƙasa na yara, ina ce mata ga jirgin da ya fi namu na Kaura da ya daina tafiya zuciya, shi yana motsi. Ko kallona ba ta yi ba. Aka saya mata alewa, ta riƙe ba ta sha ba.

Sai wani yaro sa'anta ya yi tuntuɓe, askirim ɗinsa ya zube, ya ɓarke da kuka. Kafin mu ankara Tabita ta zame daga jikin uwarta, ta ruga, ta danne masa baki da hannunta, tana jan rigarsa zuwa cikin shukokin da aka yi shinge da su. Tana so ta ɓoye shi ne. Uwar yaron ta taso da faɗa, tana tambayar ɗiyar wa ce za ta shaƙe mata ɗa. Na ba ta haƙuri, na gaya mata daga inda muka fito da abin da yarinyar ta koya. Matar ta ce mu yafe mata, ba ta sani ba.

Saratu tana kuka ta goya yarinya, ta ce mu tafi, mun ga abin da muka zo gani. Na ce ta ba ni ɗan lokaci. Na zaga bayan rumfar masu sayar da tikiti, na durƙusa gindin wata bishiya. Na ce, "Ubangiji Yesu, mu muka koya mata shiru don ta rayu. Ta rayu. Ban san yadda ake kwance wannan ba, kai ka sani. Ba zan koma Kaura da hannun nan a bakinta ba."

Ina durƙushe sai wani tunani ya zo mini sarai. Tun da aka haifi yarinyar nan ba ta taɓa jin ubanta ya ɗaga murya ba. Mun yi ta nuna mata yaran wasu suna ihu, amma mu da take kallo shiru muke.

Na kwance ta daga bayan uwarta, na nufi lilon nan mai dawakan roba da ke zagayawa. Saurayin da ke kula da shi ya ce babba ba ya hawa, sai dai ya tsaya ya riƙe yaro. Na ce tsayuwar ta ishe ni. Da abin ya fara juyawa, na buɗe baki na kurma ihu iyakar ƙarfina, ni da furfurata.

Mutane suka kwashe da dariya. Saurayin ya ce, "Baba, jiri ne? In tsayar?"

Na ce, "Kada ka tsayar, ɗana. Ƙara mana."

Tabita ta miƙo hannu za ta toshe mini baki. Na kama hannun a hankali, na ɗora shi a wuyan dokin, na sake yin ihu. Sai na ji Saratu daga bakin shinge ta rangaɗa guɗa. Laraba ta karɓa. Matar nan da ta yi mana faɗa, ita ma ta karɓa.

Yarinya ta dubi dama, ta dubi hagu. Ba wanda ya gudu. Ba wanda ya zo. Sai ta buɗe baki ta fashe da kuka, kuka mai ƙara, irin wanda ake ji daga nesa. Yabo ga sunan Yesu! Ban rarrashe ta ba, na bar ta ta yi har ta gaji.

Dariya ba ta zo ran nan ba, sai bayan mun dawo gida. Magana ma kaɗan-kaɗan ta riƙa dawowa, kuma har yau in babura sun wuce da yawa takan nemi jikina. Amma ita ce kuke ji a bencin baya tana katse wa Fasto wa'azi. Ina roƙon iyayenmu mata masu tsawata wa yara, ku ɗan ƙyale mini ita tukuna.

Na gode wa Ubangiji, na gode muku da kuka riƙe mu da addu'a. Wanda yake da irin wannan yaro a gida, kada ya ce ai haƙuri ne ya bar shi haka. Ka kai wa Yesu, ka kuma tashi ka yi abin da ya sa a zuciyarka, ko da za a yi maka dariya.

Abin da muka rasa, ga shi. Gida da gona. Rumbu biyu na dawa. Shanun noma da jaki. Wana Yohanna, wanda har yau ba mu ji labarinsa ba. A Kano kuma hulata da takalmin yarinya ƙafa ɗaya. Muryar Tabita ba ta cikin lissafin.