Mun Yi Saɓani da Likitan Ido

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Ni ne Buba tela daga Madaki, Gombe.

Idon mahaifina ɗaya ya mutu, ɗayan ma dishi-dishi yake gani. Ranar Talata na ɗauko shi daga ƙauyenmu a akori-kura, don likitan ido ya duba shi a Gombe. A hanya wata farar Landiroba ta wuce mu, ta nufi ƙauyenmu. Da muka isa, malamin asibiti ya ce, "Ai likita ya tafi rangadi asibitin ƙauyenku a farar Landiroba. Daga can zai zarce Kaduna, sai bayan wata uku."

Ba wanda ya sanar da mu! Don Allah ku riƙa faɗin ranakun rangadin nan a rediyo.

Masu sauraro, ina zan kai Baba? Jiya da rana tsaka ya tambaye ni ko magariba ta yi.