Yankan Wa?

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rifkatu daga Goronyo.

Duk Kirsimeti maƙwabcina Baba Ladan nake roƙo ya yanka mini akuya, don Musulmin unguwarmu su ci hankali kwance. Bana na aika wa matar dattijon majami'armu nata kwano, ta maido shi ko buɗewa ba ta yi ba. Wai, "Yankan wa? Ba ni cin naman wadda ta sayar da bangaskiyarta."

Ranar Lahadi kuwa ita ta ba da waƙar salama ga kowa, muna amshi.

Masu sauraro, mi na ɓata? Da Yesu, wanda ya ci abinci da kowa, ya aiko mata kwanon nan, shi ma sai ta tambaye shi yankan wa?