Giginyar da Na Shuka a Gorar Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban wannan taro, Malam Abdul-Hakim. Malamanmu na Islamiyya, maza da mata. Iyayenmu da suka taso tun daga Al Rayyan, da waɗanda suka sauko daga aiki a West Bay ko gida ba su biya ba. Iyayenmu na Zango da iyayenmu na Arewa. Yayyena da ƙannena, ina gaishe ku duka, sannunku da zuwa.

Sunana Haulat Garzali. Malama ce ta ce ni zan yi godiya a madadin gidanmu, tunda saboda mu aka haɗa wannan walimar bankwana. To, mun gode. Mun gode wa masu girki, mun gode wa masu shimfiɗa, mun gode wa wanda ya zo da abu a hannu da wanda ya zo da addu'a. Idan na yi kuskure ku yi haƙuri, ban saba ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Ummana. Tun ranar da ta samu aikin jinya a Ingila aka ce za mu koma can, kowa a gidanmu yana murna, ni ma ina dariya tare da su. Amma ba na son tafiyar. Ba don makaranta ba, ba don ƙawaye ba. Saboda wata bishiya ce da ko gwiwata ba ta kai ba.

Da farko bari in faɗa muku asalinta. Kakata, Inna Auta, tana wani ƙauye kusa da Yawuri, bayan ɗakinta kuma duk giginyu ne. Ranar da za mu taho ƙasar Larabawan nan ta danƙa mini ƙwallon giginya guda, ta ce, "Ungo, ƙawalli. An ce garin naku ba inuwa." Da muka iso sai na shuka shi a gwangwanin madara a barandarmu. Na tura hoton ta wayar kawuna aka nuna mata. Dariya ta yi har da tari. Ta ce, "Ke ja'ira, giginya za ki sa a gwangwani kamar albasa? Ita ƙasa take fara nutsawa kafin ta leƙo sama. Murucin da kike ci, daga ina kike zaton yake fitowa?"

Baba Aruna mai gadin wannan makaranta ne ya taimake ni. Ya yanka manyan gorunan ruwan nan da ake kifawa a kan injin ruwan sha, ya ɗora ɗaya bisa ɗaya, muka cika su da ƙasa. Na yi watanni ina zuba ruwa, ba komai. Yayana Mubarik kullum sai ya ce, "Manomiya, yau ma yashin ya sha?" Sai ga shi wata safiya ganye ɗaya ya fito, tsaye, kamar takobi. Tun daga nan, in na yi kewar Inna, baranda nake fita.

Na biyu, maganar sanyi. Ƙanwar Ummana, Anti Mansuratu, ta daɗe a Ingila, tana da ɗan lambu a bayan gidanta. Ta kira ni a waya ta zagaya da ni ina gani. Tana da wata bishiya mai ganye irin na giginya, amma ta ce 'yar ƙasar duwatsu masu sanyi ce, ba tamu ba. Ko ita ɗin ma sai da dabara. A jikin bangon da rana ta fi bugu ta dasa ta, ta zuba tsakuwa a ramin don kada ruwa ya kwanta, idan sanyi ya kankama kuma ta naɗe ta da buhu da tsohon bargo kamar mai jego. Na ce, "Anti, to tawa fa?" Ta ce ta taɓa gwada kwakwa, ta yi mata duk wannan gata. Wata rana ta taɓa sabon ganyen tsakiya, sai ya zare a hannunta, ya ruɓe, yana wari. Ta ce, "Irin waɗannan bishiyoyi kai ɗaya gare su, Haulat. Mangwaro in an sare reshe ya sake toho, su kuwa in sanyi ya ci kan, shi ke nan. Taki giginyar a falo za ta ƙare, kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Saiwar nan tata kuma, ina za ta?"

Na uku, Babana. Ya lura na rage cin abinci, ya kuma gane inda idona yake. Ya ce, "Khalas, ya isa, daina ɓata rai. Zan nemo takardar da ake fita da shuka. Ko a cinyata ne za ta shiga jirgi." Na ji daɗi ƙwarai. Amma da na ɗaga gorar na leƙa ƙasanta, saiwa ta cika ta, tana neman hanya. Na kira Inna don ta yanke mini hukunci, ta ƙi. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an tashi giginya daga inda ta kafa ta rayu ba, kuma dama kirarinta ke nan, na nesa ka sha inuwarta. Sai ta ce, "Ke kuma yaushe za ki zo in gan ki?" Daga nan ma ban je ba, ga shi za a ƙara mini nisa.

Baba, ka yi haƙuri, a gaban mutane kake jin wannan. Ba sai ka nemi takardar ba. Jiya bayan la'asar na nemi izinin Malam, ni da Baba Aruna muka haƙa rami mai zurfi a bayan ajin ƙanana, inda ruwan alwala yake gangarawa. Muka tsaga gorar da wuƙa a hankali, ba mu taɓa saiwar ba, muka saukar da ita da ƙasarta. Ni zan je in koyi zama da sanyin, ina da ƙafa, ina da rigar sanyi. Ita a nan za ta tsaya.

Roƙona ɗaya ne. Ƙannena, don Allah ku matsar da ƙwallonku gaba kaɗan. Iyayena, wanda ya yi alwala ya rage ruwa a buta, ya san inda zai juye shi. Ba ta saurin girma, kada ku gaji da ita.

Allah Ya saka muku da alheri. Allah Ya tsare muku ayyukanku, Ya ba iyayenmu lafiya, Ya raya wannan makaranta. Allah Ya ja da ran tsofaffin da muka baro a gida har mu koma mu same su. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.