Ƙirjin Rigar Koci

Wata mata ta ajiye riga a kan keken ɗinkin tela, ta zauna a benci. Tela ya ɗaga rigar yana dubawa.

"Hajiya, wannan ai rigar kocin ƙungiyarmu ce ta ƙwallon kwando."

"Ta maigidana ce. Ka cire tambarin, ka ɗinka wannan sabon."

Da tela ya ga sabon tambarin, sai ya ɓata rai. "Au, wajen abokan hamayyarmu ya koma? Mutumin da ya dafa ƙirji a gaban jama'a ya ce a nan zai tsufa! Wallahi masu horarwan nan ba su san amana ba."

"Amana? Wasa uku aka ci su a jere, sai aka canza makullin ofishinsa. A bakin mai gadi ya ji an sallame shi. Ku da kuka tafa masa bara, ku ne kuka jefi motarsa."

"To, ai da ya yi haƙuri."

"Haƙurin me, malam? Gari shida muka zauna cikin shekara tara. 'Yata ta daina yin ƙawaye a makaranta, ta ce ba amfani."

Tela ya shimfiɗa rigar. Ya sa reza ya tsinke zaren, tambarin ya faɗo. Ya ɗaga rigar ga haske, ƙirjin duk hujin allura ne na tsofaffin tambura.

"Hajiya, wurin nan ya mutu. Ba zai riƙe ɗinki sosai ba."

Ta daɗe tana kallon hujin.

"Kama shi sama-sama kawai. Wannan ma cirewa za a yi."