Wayar da Ke Bi ta Bayan Kujera

A shagon wasannin bidiyo, wani direba mai furfura yana gwada sabon faifan da aka tattara tsofaffin wasannin kwaɗon katun mai jar hula. Sau biyar kwaɗon yana faɗawa rami. Wata mata da ke jiran layi ta kasa riƙe dariya.

"Baiwar Allah, ba laifina ba ne," in ji shi. "Lalata wasan suka yi. Ina ɗan shekara shida na ƙare shi tas, ko faɗuwa ɗaya ban yi ba."

"Kai kaɗai?"

"Ni da Yayana, kowa da abin dannawarsa. Kullum cewa yake ni ne gwanin."

"Malam, ai wannan wasan na mutum ɗaya ne. Na yi shi har na gaji."

"To, me na shekara uku ina dannawa?"

"Wayar abin dannawar taka ina take shiga?"

Ya tuna ta bayan kujera take bi, kuma Yaya ya hana a leƙa.

"Kada ka damu," ta ce. "Haka na yi wa ƙanena. Har yau yana ba 'ya'yansa labarin bajintarsa."