Wadda Ta Tsaya Mini a Banki

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu. Ina fatan kuna lafiya, ku da abokan aiki.

Shekara ashirin na yi ina akawu a wata masaƙa a Bompai. Bara na ga wani sito na sayarwa a Sharaɗa, na nemi rance a banki. Manaja ya ce sai na kawo mai tsaya mini, wanda ke da gida da takardar mallaka. Mai siton kuma ya ba ni wa'adin wata guda in biya.

Na zaga alhazai huɗu. Babu wanda ya ce a'a. Kowa ya yi mini doguwar addu'a, ya raka ni har ƙofa, ya ce in dawo jibi. Addu'ar da na tara ta isa sito biyu, sai dai banki ba ya karɓarta.

Saura kwana uku, ina zaune a rumfar Iya Gambo mai sayar wa ma'aikata tuwo, ta ce, "Malam Akawu, yau loma ta gagare ka?" Na faɗa mata. Ta ce, "Shi ke nan? Gidan Dakata kake so ko na Hotoro?"

Washegari ta ciro takardar daga cikin kwalla, ta dangwala yatsa a gaban manaja. Abu ɗaya ta nema: ta kafa rumfa a ƙofar siton, kuma duk mai aiki a ciki, har ni, a wajenta zai ci na rana.

Sito ya cika da kayan 'yan haya, alhamdu lillahi. Amma maiɗakina ba ta fasa aiko nata kwanon ba. Masu sauraro, yaya mutum zai cinye tuwo biyu da azahar ya kuma iya miƙewa?

A gaishe mini da tsofaffin abokan aiki na masaƙa.

Naku, Malam Sule Akawu.