Gangar Daren Alhamis

A shagon gyaran ganguna a Rawalpindi, Shafkat ya ga wata mata rungume da gangar tabla. Nan take ya gane gangar.

"Baiwar Allah, sayarwa za ki yi?"

"Gyara. Ta maigidana ce, yana so a ɗaure ta daidai da muryar abokinsa. A da duk Alhamis suna waƙa a gidanmu, ina aika musu shayi daga ciki. Muryarsa kawai na sani."

"Ya rasu ne?"

"Ina fa! Sau ɗaya aka sa shi a rediyo, shi ke nan, bai sake zuwa ba. Shekara shida."

Shafkat ya sunkuyar da kai. "Wataƙila kunya ke hana shi zuwa."

Ta gyara mayafi.

"Malam, har yanzu ba ka son sukari a shayi?"